BABI NA BIYU: TARIHIN NAZARIN GINANNEN MUHALLI A ƘASAR HAUSA

2.0 Gabatarwa

A babi na ɗaya an yi bayanin dalilin gudanar da wannan bincike da kuma farfajiyarsa. Wannan babi kuwa zai waiwayi tarihin yadda nazarin gine-gine da tsarin garuruwan Hausawa ya shiga makarantun boko, har ya zama fagen da ake koyarwa, ake kuma gudanar da bincike a kansa. Abin da babin yake son nunawa shi ne, ilimin da magini ɗaya yake riƙe da shi a ka a zamanin da, jami'a ta zo ta rarraba shi ga sassa daban-daban. Haka kuma, duk masanin da ya yi aikin a zo a gani a kan ginin Hausa, sai da ya ƙetare iyakar fanninsa kafin ya fahimci abin da yake kallo.

2.1 Ma'anar Ginannen Muhalli da Samuwarsa a Matsayin Fagen Ilimi

Idan Bahaushe ya ce muhalli, yana nufin wurin zama ne. A wajen masana kuwa, muhalli iri biyu ne. Akwai wanda ɗan Adam ya tarar, kamar duwatsu da koguna da dazuzzuka, akwai kuma wanda shi ne ya samar da shi da hannunsa domin biyan buƙatunsa. Wannan na biyun shi ne ake kira ginannen muhalli a wannan bincike. Bai tsaya ga gida da masallaci da fada kaɗai ba. Ya haɗa da kasuwa da ganuwa da lungu da rijiya da kwata da maƙabarta. Kai har kududdufin da ke bayan gida yana ciki, domin ba komai ba ne illa ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, ruwan damina ya zo ya cika shi.

A ƙasashen Turai, tun a ƙarni na 19 aka rarraba sana'o'in da suka shafi gini. Mai zanen gini da ƙungiyarsa, injiniya da tasa, safiyo da tasa, kuma yawancinsu a ofishin maigida suke koyon aiki, ba a jami'a ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne aka fara ganin illar wannan rarrabuwa, lokacin da aka shiga sake gina biranen da yaƙi ya rusa. An gina dogayen gidaje masu kyan zane, amma da yawa daga cikinsu ba su yi wa mazaunansu daɗin zama ba, saboda masu zanen ba su san yadda mutanen suke rayuwa ba. A shekarar 1958 masu zanen gini na Ingila suka yi taro a Oxford, inda suka amince a mayar da koyar da sana'ar tasu cikin jami'o'i, a kuma haɗa ta da bincike. A 1959 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ta haɗa zanen gini da tsara birane da tsara filaye a ƙarƙashin kwaleji ɗaya. A 1960 kuma Richard Llewelyn-Davies ya karɓi shugabancin makarantar Bartlett ta Landan, ya shigo da masana kimiyya da masana zamantakewa domin su koyar tare da masu zane. Daga wannan lokaci ne aka fara ɗaukar ginannen muhalli a matsayin fage guda wanda fannoni da yawa suke haɗuwa a cikinsa.

Littafin da ya fi shafar wannan bincike daga cikin ayyukan wancan zamani shi ne na Amos Rapoport mai suna House Form and Culture, wanda ya fito a 1969. A cikinsa ya kawo hujjoji cewa ba yanayi ko kayan gini ne suke yanke siffar gida ba. Su dai suna taƙaita abin da za a iya yi ne, amma al'ada da addini da tsarin iyali su ne suke zaɓar siffar. Idan aka auna wannan ra'ayi da gidan Bahaushe za a ga yana da ƙamshin gaskiya. Zafin rana zai iya bayyana dalilin kaurin bango da ƙanƙantar taga, amma ba zai bayyana dalilin da ya sa ƙofar zaure ba ta kallon ƙofar shigifa ba. Wannan sai an koma ga kulle da kunya da matsayin baƙo.

2.2 Ilimin Gini a Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Turawa

Kuskure ne a ɗauka cewa ilimin gini ya fara ne daga ranar da aka buɗe masa aji. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) aka fara ginin ganuwar Kano, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da mutanen da suka san ƙasa, suka san nauyi, suka san hanyar ruwa, suka kuma san yadda ake tara jama'a a raba musu aiki.

Gini sana'a ce ta gado. Yaro yana tasowa ne a gaban mahaifinsa ko maigidansa, ya fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, daga nan a bar shi ya yi yaɓe, sannan ya hau bango. Magina suna da shugabansu, wato Sarkin Magina, wanda ta hannunsa ake tara su idan aikin fada ko na masallaci ya taso. Abin da ƙwararren magini ya sani, in da a jami'ar yau ne, sai an zagaya sassa biyar ko shida kafin a tattaro shi. Ya san irin ƙasar da za ta yi tubali da wadda za ta tsage. Ya san cewa azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Saboda haka idan ana son ɗaki mai faɗi, sai ya jera azara a kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo. Idan bakan gizo ya gitta wani, sai a sami rufi irin na ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a bisansa. Ya san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi, wanda ake kwasowa daga ramin marina, da yadda ake haɗa su a shafe bango da rufi domin hana ruwa shiga. A nan ma abin lura shi ne, sana'ar gini ta dogara da sana'ar rini da ta jima, domin daga majema ake samo gashin da ake haɗa laso da shi. Ya san inda zai sa indararo. Bayan duk wannan, ya san mutanen da zai gina wa gidan: matan aure nawa ne, ina turakar maigida za ta kasance, ina samari za su kwana, wane baƙo ne zai tsaya a zaure, wane ne kuma za a shigar da shi shigifa.

Wanda ya fi shahara a cikin maginan ƙasar Hausa shi ne Babban Gwani, wanda wasu suke kira Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu. Shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Har yanzu akwai unguwa a birnin Zariya mai ɗauke da sunansa, haka nan akwai soro a fadar Bauchi da ake kira da wannan suna. Labaran baka sun ce da dare yake gini, kuma wai wani sarki ne ya sa aka kashe shi a Birnin Gwari don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa. Ko da masanin tarihi bai karɓi waɗannan labarai a matsayin hujja ba, mai nazarin adabin baka ba zai yar da su ba, domin suna nuna yadda Bahaushe yake kallon gwaninta, wato abu ne da ake sha'awa ana kuma jin tsoronsa.

Wani ɓangare da ake yawan mantawa da shi shi ne na malamai da alƙalai. Fiƙihun Malikiyya yana da hukunce-hukunce masu yawa a kan gini da maƙwabtaka, waɗanda aka gina su a bisa ƙa'idar hana cutarwa. Ba a yarda mutum ya buɗe taga inda zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa ba, ko ya juya indararonsa ya riƙa zuba a gidan wani, ko ya ci hanyar jama'a da gininsa. Ɗaya daga cikin fitattun littattafan wannan fanni, wani magini ne na birnin Tunis mai suna Ibn al-Rami ya rubuta shi a ƙarni na 14, bayan ya daɗe yana aiki tare da alƙalai a shari'o'in gini. Malaman Daular Sakkwato ma sun yi rubutu a wannan fage. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Khalid kuma ya tattara hukunce-hukuncen da alƙalai suke buƙata, har da na gini. Besim Hakim da Zubair Ahmed sun yi nazarin irin waɗannan rubuce-rubuce a wata maƙala da suka fitar a 2006. Ke nan lungunan birni da baƙo yake gani kamar babu tsari, akwai dokar da ta haife su, sai dai ba a kan taswira aka zana ta ba.

2.3 Zamanin Matafiya da Mulkin Mallaka

Turawan farko da suka rubuta wani abu a kan biranen Hausa matafiya ne. Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, Heinrich Barth kuma, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga a 1851. Sun yi bayanin ganuwa da ƙofofi da kasuwa da fadamar Jakara, sun kuma ƙiyasta yawan jama'a. Bayanansu suna da amfani ga mai tarihi, amma kallo ne na baƙo mai wucewa, wanda ya fi damuwa da ciniki da hanya.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai tsarin garuruwa ya ɗauki wata sabuwar fuska. Dokar garuruwa ta 1917 da umarce-umarcen Lugga sun raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, aka kuma tanadi fili mai faɗin yadi 440 a tsakani wanda ba a yarda a yi gini a cikinsa ba. Hujjar da aka bayar ita ce kare Turawa daga sauro da zazzaɓi. Ta haka ne gari ɗaya ya zama gari uku ko huɗu: birni a hannun Sarki da En'e, Bariki ga Turawa, Sabon Gari ga baƙin da jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu, Tudun Wada kuma ga baƙi 'yan Arewa. Yadda aka raba garin haka aka raba iliminsa. Likita da duba-gari suka ɗauki tsabta, safiyo ya ɗauki filaye, injiniyan Ma'aikatar Ayyuka ya ɗauki gini, Razdan da Di'o suka ɗauki al'adun mutane. Kowa da fayil ɗinsa.

Ba za a ce Turawa ba su lura da ginin ƙasa ba. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, a gidan ƙasa ya zauna, kuma gidan yana nan har yau da sunansa. Gidajen ma'aikata da makarantu da yawa na farkon mulkin mallaka maginan gargajiya ne suka gina su, saboda araha. A 1945 wani injiniya mai suna A. F. Daldy ya rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka ɗan littafi a kan dabarun ginin ƙasa na Arewa. Aikin yana da amfani ƙwarai, domin ya adana bayanai a kan azara da rufi, amma sunan da aka ba shi ya isa shaida a kan yadda hukuma take kallon abin, domin gine-ginen wucin gadi ta kira su. A lokacin da aka buga shi, Masallacin Zariya ya haura shekara ɗari a tsaye. Wannan kallo ne ya bi jama'a har cikin gidajensu, aka wayi gari siminti da kwano su ne alamar arziki, ginin ƙasa kuwa alamar rashi. A farkon shekarun 1950 aka sake gina babban Masallacin Juma'a na Kano da kayan zamani.

A daidai wannan lokaci, wasu mutane da ba su da alaƙa da sana'ar gini suna tara abin da daga baya ya zama jari ga masu nazarinsa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomin magina masu yawa. M. G. Smith ya yi nazarin tattalin arzikin Hausawan Zazzau, aikin da aka buga a 1955, inda ya yi bayanin gandu da yadda iyali suke zama a gida ɗaya. Matarsa Mary Smith kuma ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954. A ganin mai wannan bincike, littafin Baba yana daga cikin muhimman madogara a kan gidan Bahaushe, duk da cewa ba a kan gini aka yi shi ba, domin shi ne ya nuna gidan daga ciki, ta bakin mace, wato daga wajen da baƙo namiji ba ya isa.

2.4 Zariya da Shigar Fagen Cikin Jami'a

An fara koyar da zanen gini a Nijeriya a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, reshen Ibadan, a 1952, sannan aka mayar da sashen Zariya a 1955. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai ta gaji wannan sashe. A farkon al'amari manhajar ta Ingila ce, malaman ma yawancinsu daga can suke, kuma abin da ake ya yi a lokacin shi ne salon ginin ƙasashe masu zafi irin na Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Wannan salo ya damu da iska da inuwa, amma da siminti da ƙarfe yake aiki. Daga baya jami'ar ta tattara zanen gini da fasahar gini da ƙididdigar kuɗin gini da tsara birane da zane-zane da ƙere-ƙeren masana'antu a ƙarƙashin tsangaya ɗaya ta zayyanar muhalli. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan tsari ya yi daidai da maganar, ko da yake zama a tsangaya ɗaya ba shi ne yin aiki tare ba.

Sa'ar da aka yi ita ce, tsakanin Samaru da birnin Zariya tafiya ce ta 'yan kilomitoci. Duk malamin da ya fita daga aji ya shiga birni, sai ya tarar da abin da littattafansa ba su faɗa masa ba. A. H. M. Kirk-Greene, wanda tsohon jami'in mulki ne kuma malami a Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki, ya fitar da ɗan littafi a 1963 a kan zanen bangon gidajen Zariya. J. C. Moughtin, masanin tsara birane, ya rubuta maƙala a 1964 a kan garuruwan Hausawa, ya auna Masallacin Zariya, daga baya ya fitar da littafinsa Hausa Architecture a 1985. Mai karanta wannan littafi zai ga cewa kafin marubucin ya kai ga bango da rufi sai da ya bi ta kan labarin ƙasa da tarihi da addini.

Friedrich Schwerdtfeger, Bajamushe mai zanen gini, shi ne ya fi nuna amfanin ƙetare iyakar fanni. Ya shiga gidajen birnin Zariya yana aunawa yana zanawa, amma bai tsaya nan ba. Ya riƙa ƙirga mutanen gidan, yana tambayar dangantakarsu da sana'arsu da abin da suke samu, da kuma lokacin da aka gina kowane ɗaki da dalilin gina shi. A littafinsa na 1982, inda ya kwatanta Zariya da Ibadan da Marrakesh, ya nuna cewa gida yana girma yana kuma raguwa tare da iyalin da ke cikinsa. Idan ɗa ya yi aure a tayar da ɗaki, idan maigida ya rasu a raba gado a ja katanga, idan ɗaki ya rasa mai shi a bar shi ya zube, ƙasarsa ta koma ginin wani. Wannan bayani yana da muhimmanci ga masu tsara gidajen gwamnati, domin gidan bulo mai ɗaki biyu da falo da aka zana wa miji da mata da 'ya'ya biyu ba ya buɗuwa idan iyali suka ƙaru. Shi ya sa ake ganin mazauna irin waɗannan gidaje suna ta ƙare-ƙare, wannan ya ja katanga, wancan ya mayar da gareji zaure.

Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, ya zo Nijeriya a 1958, ya yi shekaru yana yawo da mataimakansa 'yan ƙasa suna auna gine-ginen gargajiya suna zana su dalla-dalla. Shi ne ya tsara gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, inda maginan gargajiya suka gina kwatankwacin Masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano da fadar Katsina. Ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, na farkonsu a kan Arewa. Darajar wannan aiki ta fito fili ne saboda abin da ya sami Masallacin Zariya a cikin shekarun 1970, lokacin da aka gina sabon masallaci na siminti ya lulluɓe tsohon. Babban ɗakin salla ya tsira a cikin sabon ginin, amma sauran sassan da ke kewaye da shi sun tafi. Wanda yake son ganin yadda fasalin masallacin yake daga waje, sai dai ya duba zane da hotuna, ko ya tafi Jos.

Duk waɗannan masana baƙi ne, kuma akasarinsu ta bakin tafinta suka yi magana da magina. Hamman Tukur Sa'ad ne ya sauya wannan. A kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Jami'ar Michigan a 1981, ya zauna da manyan magina ya tambaye su yadda su da kansu suke auna kyan gini da muninsa, da abin da ya bambanta gwani da sauran magina. Da wannan ya rushe zaton da ake yi cewa ginin gargajiya aikin gama-gari ne wanda ba shi da mai shi. Ya nuna cewa akwai masu ƙirƙira, an san su da sunayensu, kuma jama'a suna bambance hannun wani da na wani. Shekara biyar bayan haka aka sami abin da ya ƙarfafa wannan ra'ayi daga Jamhuriyar Nijar, inda masallacin garin Yama da ke yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Ta fuskar tsara birane ma an yi ƙoƙarin haɗa fannoni. Tsarin raya birnin Kano na shekara 20 da B. A. W. Trevallion ya jagoranta ya shafi 1963 zuwa 1983, shi kuma Max Lock ya fitar da nasa na Kaduna a 1967 bayan binciken jama'a da gidaje da kasuwanni. Sai dai yawan jama'a ya riga tsare-tsaren gudu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta mayar da ikon filayen birane hannun gwamnoni.

2.5 Gurbin Harshe a Cikin Wannan Fage

Idan aka dubi jerin fannonin da suka haɗu a wannan fage, za a ga akwai wanda ba a cika ba shi kujera ba, wato nazarin harshe. Ɗalibin zanen gini yana karatunsa da Ingilishi, kuma idan ya ci karo da kalma irin zanko ko dagi, a matsayin ado yake ɗaukarta, abin da za a manna a goshin ginin siminti don a ce ya yi kama da na gargajiya. Ɗalibin Hausa kuma yakan haɗu da gini ne a darasin sana'o'in gargajiya, a jera shi tare da ƙira da saƙa da jima, a lissafa kayan aiki a wuce. Na farko yana da ma'auni ba shi da kalmomin, na biyu yana da kalmomin bai san nauyin da bakan gizo yake ɗauka ba.

Alhali kuwa ilimin magina a cikin harshe yake zaune, domin ba su rubuta shi ba. Kalmar soro kaɗai ta isa misali. A wani wuri tana nufin ɗakin ƙasa mai rufin azara, a wani wuri kuma, kamar Kano, tana nufin ɗakin shiga gida, wanda wasu suke kira zaure. Mai binciken da bai san karin harshen garin da yake aiki ba zai iya rubuta abu ɗaya da suna biyu, ko abu biyu da suna ɗaya. Haka nan kalmar gida ba ta tsaya ga gini ba. Ana cewa ɗan gidan wane, ana cewa maigida da uwargida, ana cewa gidan sarauta ko gidan malamai, duk ana nufin mutane ne da asalinsu. Idan aka ce mace tana ɗakinta, ana nufin tana da aure. Abin da Schwerdtfeger ya gano da ma'auni da ƙidaya, wato cewa gini da iyali abu ɗaya ne, harshen ya riga ya faɗe shi.

Matsalar ita ce kalma ba ta daɗewa bayan aikinta ya mutu. Matashin da ya koyi gini da bulo da siminti ba shi da buƙatar sanin makuba ko laso, kuma marinar da ake samun katsi a cikinta ita ma ta ja baya. An sa ganuwar Kano a jerin wuraren da Nijeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su a 2007, amma wannan bai hana a ci gaba da cin ta da gine-gine da ɗibar ƙasa ba. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka sake gina ta da kayan zamani. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce doka ta ɗora wa kula da irin waɗannan wurare, amma ginin ƙasa ba ya tsayuwa da doka kaɗai. Yana buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma mai yin wannan aiki sai wanda ya koya a hannun wani magini, da bakin Hausa, a kan bango.